Yadda Za Ka Zana Hoto a Ƙasa Ya Tashi Tsaye

Sana'ata rubutun allon shaguna ce a nan Agege, kuma a duk abin da nake koya wa yaran shagona babu wanda ya kai wannan daɗi: zanen da za ka shimfiɗa a daɓe a jaye, ba kai ba gindi, amma wanda ya tsaya a wuri ɗaya tak ya gan shi a tsaye cak. Irinsa ne tallan da ake kwantarwa gefen raga a filin ƙwallo, kyamara ta nuna shi a miƙe. Dabarar ta daɗe. A 1533 mai zane Hans Holbein ya zana wasu Faransawa biyu da ƙoƙon kan mutum a jaye a ƙasansu, sai ka koma gefen dama kake gane ko mene ne. Zanen yana gidan adana zane-zane na National Gallery a Landan.

Fara da zaɓar inda mai kallo zai tsaya, ka sa alama da fenti, don aikin duka a kan wannan ɗigon ya rataya. Ka yanke siffar da kake so a kwali, ko harafi ko buta. Da daddare, musamman in an ɗauke wuta, ka ɗaure tocilan a jikin sanda daidai tsayin ido, kamar mita 1.6, ka kafa ta a kan alamar. Fitilar waya ta fi, domin ƙwanta ƙarami ne, inuwarta tana fita da kaifi. Ka tsayar da kwalin a ƙasa mita 3 daga sandar.

Yanzu dubi inuwar. Kwali mai tsayin santimita 80 zai jefa inuwa mai tsawon mita 3, samanta ya fi gindinta faɗi da jayewa. A nan ne hannun yaro yake rawa, ya so ya rage tsawon don ya ga abin ya yi muni. Kada ka rage ko kaɗan. Bi gefen inuwar da alli yadda take, wani ya riƙe maka kwalin kada ya motsa.

Fenti sai da safe, kuma in damina ce ka duba sama tukuna, ruwan Legas ba ya sallama. Duk bayan 'yan shafe-shafe ka koma kan alamar, ka rufe ido ɗaya ko ka duba ta kyamarar waya, domin ido biyu suna tona cewa zanen a kwance yake.