Yadda ake tara tsofaffin bindigogi masu cin harsashi ɗaya

Kafin ka taya ko da guda, fara da doka. A Amurka, dokar tarayya ta ɗauki bindigar da aka ƙera kafin 1899 a matsayin kayan tarihi. A Najeriya kuwa tsufa ba ya wanke bindiga: dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi, har a kan bindigar toka ta mafarauta. Ka nemi izini a rubuce tukuna.

Sai ka zaɓi iri guda ka tsaya a kai. Akwai Snider ta Ingila ta 1866, da Gras ta Faransa ta 1874, da Remington wadda mayaƙan Mahadi suka ƙwace da yawa daga sojojin Masar a Sudan. Ni dai sabon shiga Martini-Henry nake nuna masa. Sojan Ingila sun karɓe ta a 1871, da ita aka gwabza yaƙin Zulu a 1879, kuma ta ƙara samuwa a kasuwa tun 2003, lokacin da dillalai suka sayi dubban tsofaffin makamai daga rumbun gwamnatin Nepal a Katmandu.

Inda aikin yake shi ne karanta tambari. Juya bindigar ka dubi ƙarfen da ke saman kunama ta ɓangaren dama. Ta asali za ka ga kambin sarauta, ƙarƙashinsa V.R. na Sarauniya Victoria, sai sunan masana'anta, Enfield ko BSA ta Birmingham ko LSA ta Landan, sannan shekara. Haruffan a jere suke, zurfinsu ɗaya. Maƙeran yankin Khyber, tsakanin Pakistan da Afganistan, sun daɗe suna kwaikwayon wannan bindiga da guduma da magagari, har tambarin suna bugawa. Sai dai jabu ba ya rasa aibi. Wani lokaci harafin N na Enfield ya juya baya, wani lokaci ka ga V.R. tare da shekarar 1915, alhali sarauniyar ta rasu tun 1901. Irin wannan tana da masu sonta, amma kada ka biya mata kuɗin ta asali.

Daga nan ka sauke hannun ƙarfen da ke ƙasan bindigar, wanda ke buɗe mazaunin harsashi, ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka haska tocila ta baki ka ga ko tsatsa ta cinye layukan ciki. Duba katakon gindi ko ya tsage, ko an sauya shi.

In ta shigo hannunka, ka riƙe kanka. Babbar ɓarna a wannan harka ita ce goge-goge. Duhun nan da ƙarfe ya yi cikin shekara fiye da 100 shi masana ke saye. Ranar da ka sa samfefa ta yi ƙyalli, darajarta ta zube, ba kuma ta dawowa. Tsumma mai laushi da ɗan mai sun isa.

Kada ka harba ta. Don baƙin albarushi aka yi ta, harsashin zamani na iya tarwatsa ta a hannunka. Ajiye ta a kulle inda babu laima, nesa da yara, kada ka bar ta cikin kuben fata domin fata na jawo tsatsa. Rasit da lasisi da hoton kowane tambari, haɗa su a fayil guda, mai saye na gaba zai nema.