Taimakon Gaggawa Ga Wanda Bugun Zuciya Ya Kama

Idan mutum ya ji nauyi ya danne masa ƙirji na wasu mintoci, musamman in ciwon na gangarawa hannun hagu ko muƙamuƙi tare da zufa da sarƙewar numfashi, kada a ɗauka olsa ce, kamar yadda mutanenmu suka saba. A zaunar da shi, a ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, muddin jikinsa na karɓar maganin kuma ba ya zubar jini, sannan a garzaya da shi babban asibiti mai na'urar ECG, wadda ake duba aikin zuciya da ita, ba kemis ba.

In ya yanke jiki ya faɗi, numfashi ya ɗauke, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har ma'aikatan lafiya su karɓe shi.