Yadda za mu bayyana wa likita ciwon jijiya

'Yan'uwa mazauna Makka da Jidda, mukan ce wa likita "jiri nake ji" ko "jikina ya mutu", alhali shi yana so ne ya san ko ɗakin ne ke juyawa, ko ƙafa ce ta ƙi ɗaukar mutum, kuma a wane ɓarin jiki. Ku rubuta lokacin da abin ya fara. Idan farfaɗiya ce, ku ɗauki bidiyonta da waya, domin likita ba ya nan sa'ad da ta taso. Amma in baki ya karkace ko magana ta sarƙe, don Allah kada a tsaya shafa mai, a kira motar asibiti ta lambar 997 nan take, domin wataƙila gudan jini ne ya toshe jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, kuma allurar narkar da gudan jini a cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta.