Darasi na 9: Sauya tsohon agogon boila da tamostat

Wannan darasi na mazauna Ingila ne, inda sanyin Disamba da Janairu ya fi ƙarfin bargo da kaskon wuta. A can yawancin gidaje da boila ake ɗumama su. Boila tana ƙona gas ta zafafa ruwa, ruwan ya bi bututu zuwa wani faffaɗan ƙarfe da ke jikin bangon kowane ɗaki. Sunansa radiyeta, ɗan'uwan lagireton mota.

Ku je ku duba kusa da boilarku. A tsofaffin gidaje za ku tarar da wani agogo mai juyawa, an rubuta 1 zuwa 24 a bakinsa, ga ƙananan haƙora sun kewaye shi. Da haƙoran nan ake zaɓar lokacin kunnawa. Shi wannan agogo lokaci kaɗai ya sani. Ko gari ya yi ɗumi, da zarar ƙarfe biyar ta yi sai ya kunna, kuɗin gas na ta tafiya. Asabar da Litinin duk ɗaya ne a wurinsa. In kuma an matsar da agogon ƙasa da sa'a ɗaya, kamar yadda ake yi a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, sai an juya shi da hannu.

Tamostat mai tsari kuwa ya san lokaci, ya kuma san sanyi. Ku ne za ku faɗa masa ɗumin da kuke so a kowace sa'a ta kowace rana. In ɗaki ya kai hakan sai ya kashe boila, in ya huce ya sake kunna ta.

Haɗa shi ba aikinku ba ne. Wayoyin da ke bayan tsohon agogon wutar gida ce, bolt 230, tana kisa. Ku kira mai aikin wuta. In aikin zai kai ga buɗe murfin boila, a nemi wanda ke da rajistar Gas Safe, wato rajistar hukuma ta masu aikin gas, kuma ku ce ya nuna katinsa, ba rashin kunya ba ne. Ɗan haya ya fara neman izinin mai gida.

Naku aikin shi ne zaɓar wuri, kuma nan aka fi yin kuskure. Tamostat iskar da ke kusa da shi kaɗai yake ji. In kun sa shi saman radiyeta, ko inda rana ke haskawa, ko kusa da kicin, sai ya ɗauka gida ya ɗumama ya kashe boila, yara na can ɗaki suna rawar ɗari. In kun sa shi bakin ƙofar waje, ba zai bar boila ta huta ba. A nema masa bangon ciki a ɗakin da aka fi zama, kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, kada labule ya rufe shi. Radiyetar ɗakin a bar ta a buɗe gaba ɗaya.

Wajen tsarawa, digiri 18 zuwa 21 ya ishi yawancin mutane, amma gidan da ke da tsoho ko marar lafiya kada ya gaza 18. Misali: 20 tun rabin sa'a kafin a tashi asuba, 16 bayan kowa ya fita, 20 kafin yara su dawo daga makaranta. In za ku yi tafiya cikin sanyi kada ku kashe shi ɗungurungum, ku bar shi a alamar ƙanƙara, don kada ruwa ya daskare ya fasa bututu.

Wani in ya shigo yana jin sanyi sai ya murɗa shi zuwa 30, wai don ɗaki ya yi saurin ɗumi. Ba ya ƙara sauri ko kaɗan, sai dai boila ta ƙi tsayawa.

Aikin gida: ku rubuta lokacin tashinku, na fita, na dawowa da na kwanciya, ranar aiki daban, ranar hutu daban. Gaban kowanne ku sa digirin da kuke so, ku zo da takardar aji mako mai zuwa.