Kada ku miƙa wa mai shafi dukkan makullai

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu haɗa wa mutane shafin intanet. Idan kun gama aiki a WordPress, manhajar da ake gina shafi da ita, mai shago ko shugaban makaranta ya ce yana so ya riƙa canza farashi da sanarwa da kansa, ku ba shi dama, haƙƙinsa ne. Sai dai kada ku buɗe masa asusun Administrator mai iko da komai, ku ba shi matsayin Editor. Da shi zai rubuta sabon labari, ya gyara shafuka, ya ɗora hoto, amma hannunsa ba zai kai ga plugin (ƙananan manhajojin da ke ƙara wa shafi aiki) ko theme (tsarin kamannin shafin) ba, kuma can ne galibin ɓarna ke aukuwa. In yaron shagonsa ne zai riƙa rubutu, matsayin Author ya ishe shi, domin rubutunsa kaɗai zai iya taɓawa.

Abin da ya fi damuna shi ne hoto. Wayoyin yanzu kan ɗauki hoto mai nauyin megabait da dama, a ɗora shi yadda yake, shafi ya yi nauyi, mai ziyara da ɗan datarsa ya gaji ya fita. Don Allah ku zauna da mai shafin ku koya masa rage hoton kafin ya ɗora.

Ku nuna masa wurin Revisions ma, inda zai dawo da tsohon rubutu idan ya goge wani abu bisa kuskure. Hankalinsa zai kwanta sosai.

Sannan ku ɗauki ɗan gajeren bidiyon allon wayarku kuna canza farashi ɗaya, da bayani a Hausa, ku tura masa ta WhatsApp.