Ka zo ɗora Windows kwamfuta ta ƙi ganin diski? Kar ka yi gaggawar cewa ya mutu

Yawancin lokutan da kwamfuta ta ƙi gane wani sashenta wajen ɗora Windows ko Linux, lafiyar sashen ƙalau, direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ko Linux ta iya aiki da shi, ne babu a cikin filashin da ake ɗorawa da shi.

Babban kuskuren shi ne na diski. Ka iso inda za ka zaɓi wurin ɗora Windows sai ka tarar da wajen wayam, babu diski ko ɗaya, nan take sai mutum ya ce ai SSD ɗin ya ƙone, wani ma har ya je ya sayo sabo ya saka kuma shi ma shiru. Laftof masu firosesa na Intel daga tsara ta 11 zuwa sama da yawansu suna zuwa da VMD, wani tsarin Intel na sarrafa diski, a kunne, Windows kuma ba ta ganin diskin sai an ba ta direban Intel RST. To ka je shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ka sauke shi, ka warware fayil ɗin ka zuba a filashi, sannan ka danna Load driver ka nuna mata folda. A nan ma ana kuskure, mutane su kwafi fayil mai .exe yadda yake, alhali .inf take nema. Ko kuma ka shiga BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kashe VMD, ko ka mayar da saitin diski mai suna SATA daga RAID zuwa AHCI. Amma fa in akwai tsohuwar Windows da kake so ta ci gaba da tashi, canjin nan na iya jefa ta cikin shuɗin allo ta ƙi tashi, ka kula.

Sai saƙon nan mai cewa babu direban CD/DVD, wanda yake rikita mutane don ko faifan ma ba su saka ba. In Windows 7 ce, to ba ta zo da direban USB 3.0 ba, ka koma ramin USB 2.0 in akwai, galibi mai baƙin ciki ba shuɗi ba. In Windows 10 ko 11 ce, sau da yawa ISO ɗin, wato fayil ɗin Windows da ka sauke, ne bai sauka daidai ba, sake sauke shi ka sake haɗa filashin da manhajar Rufus.

Rigimar GPT da MBR kuma, wato lokacin da Windows ta ƙi ɗoruwa saboda tsarin rabon diskin, gajeruwa ce: hanyoyin tayar da kwamfuta biyu ne, UEFI na tafiya da GPT, Legacy na tafiya da MBR, ka tayar da filashin ta hanyar da ta dace kawai. Masu garzayawa diskpart, manhajar Windows ta sarrafa diski, su buga clean, ku sani duk abin da ke kan diskin ya tafi.

An gama ɗorawa kuma babu Wi-Fi, babu sauti. Nan ne ake sauke manhajojin nan masu alkawarin nemo maka duk direbobi da dannawa ɗaya, gaskiya ni ban yarda da su ba, suna cusa direban da bai dace ba ga tarin talla. Jona wayarka da kebul ka raba intanet ta USB, ka bar Windows Update ta yi aikinta. Abin da ya rage da alamar ruwan ɗorawa a Device Manager, buɗe shi ka je Details ka zaɓi Hardware Ids, za ka ga VEN, lambar kamfanin da ya ƙera shi, da DEV, lambar sashen kansa. A VEN, 8086 Intel ke nan, 10EC Realtek, 10DE Nvidia, 14E4 Broadcom, da lambobin nan za ka nemo ainihin direban ba cinta-cinta ba.

'Yan Linux su ma ba su tsira ba, allo ya yi baƙi ƙirin da katin Nvidia sai a ce kwamfutar ba ta ɗaukar Linux. Danna e a GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa kafin Linux ta tashi, ka ƙara nomodeset a layin da ya fara da linux, ka shiga ka ɗora direban Nvidia daga baya. In Secure Boot, tsaron da ke hana lodin direban da ba a amince da shi ba, na kunne kuma direban ya ƙi lodi, ko ka yi rajistar makullin MOK da zai sa a amince da direban lokacin da kwamfutar ta tambaye ka, ko ka kashe Secure Boot ɗin a BIOS.