Kafin ka sayi kayan haɗa kwamfutar tebur

'Yan uwa masu shirin haɗa kwamfuta da ɗan abin hannu, ku fara da tambayar kanku aikin da za ta yi. In wasan gem ne ko gyaran bidiyo, katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoton da ake gani a allo, ya kamata ya ci kaso mafi tsoka na kuɗin, firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) matsakaiciya irin Ryzen 5 ko Core i5 ta wadatar.

A kula da dacewar kaya. Ryzen 5 5600 soket ɗin AM4 take hawa (soket shi ne mazaunin firosesa a kan madabod, babban allon da ake haɗa dukkan kayan a kai), da RAM (ma'ajiyar wucin gadi) na DDR4, amma jerin Ryzen 7000 sai AM5 da DDR5. Firosesar Intel mai harafin F a ƙarshe ba ta fitar da hoto sai da katin hoto. RAM kuwa 16GB, amma sanda biyu na 8GB, sun fi guda ɗaya sauri. Ma'ajiyar fayiloli a ɗauki SSD na NVMe, wato nau'in ma'ajiya mai sauri.

Inda nake roƙonku don Allah kada ku yi rowa shi ne na'urar rarraba wuta ta cikin kwamfuta (PSU). Mai arha marar suna in ta ƙone tana iya tafiya da madabod da katin gaba ɗaya. Ku nemi ta sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus Bronze, wato shaidar rashin ɓarnar wuta. Fitilun ado su jira.